Lissafin Karɓa-Karɓa: Daga Adashi zuwa Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Laccar da aka gabatar ga ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan asalin Boɗinga da Shagari a lokacin hutu



Shugabannin ƙungiya sun nemi in yi jawabi a kan wani abu daga fannin na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, suka kuma gindaya mini sharaɗin cewa da Hausa za a yi, kada in ruga in fake da Turanci duk inda tafiya ta yi tsauri. Sharaɗi ne mai kyau, balle a gaban mutanen Shagari, garin da ya haifi malamin nan da ya koyar da kimiyya a Makarantar Midil ta Sakkwato, ya kuma zuba labarin ƙasa a cikin Waƙar Nijeriya domin yara su haddace, tun kafin siyasa ta kai shi kujerar shugabancin ƙasa. Abin da na zaɓo ƙarami ne a ido, har akan ba ɗaliban shekarar farko shi a matsayin aikin gida: yadda ake matsar da jerin lambobi a kewaye. Amma kafin mu tashi ina fata ku ga cewa wanda ya fahimce shi ba za a cuce shi a adashi ba, ko a jadawalin aikin dare.

Idan ana so na'ura ta adana lambobi masu yawa da ke da dangantaka da juna, alal misali albashin ma'aikatan wani sashe ko yawan ruwan saman da aka auna kowane wata, akan zuba su a gurabe da ke manne da juna, kamar rumfunan kasuwa a layi guda. Wannan shi za mu kira jeri. Kowane gurbi yana da lambarsa, kuma tilas ne tun yanzu ku rarrabe lambar gurbi da lambar da ke zaune a cikin gurbin, kamar yadda lambar rumfa dabam take da cinikin mai rumfar. Ga jeri mai gurbi bakwai a kan allo:

10, 20, 30, 40, 50, 60, 70

Ku ɗauka mutum bakwai ne a kan benci, aka ce kowa ya matsa gaba da gurbi uku. Mutum huɗu na baya za su sami wurin zama. Ukun farko kuwa benci ya ƙare musu, sai su kewayo ta baya su zauna a guraben da aka bari, ba tare da sun sāke tsarin da ke tsakaninsu ba:

40, 50, 60, 70, 10, 20, 30

Ba wanda ya ɓace, ba wanda ya ƙaru, kuma maƙwabcin kowa yana nan, muddin ka ɗauki ƙarshen benci da farkonsa a matsayin maƙwabta. Wannan ita ce matsawar kewaye. Kun lura na ce gaba da baya, ban ce hagu da dama ba, ko da yake haka littattafan Turawa ke faɗi. Dalili kuwa, hagun mai rubutun boko shi ne ƙarshen layi ga mai rubutun ajami, kuma a ɗakin nan da yawanku da allo kuka fara. Gaba a wurina shi ne wajen gurbin farko, baya kuwa wajen na ƙarshe.

To, ta yaya na'ura ke sanin inda kowa zai sauka? Da saura take sani, watau abin da ya rage bayan an yi rabawa. Ku ɗauki ranakun mako, ku ba Lahadi 0, Litinin 1, haka har Asabar ta zama 6. Ranar 1 ga Oktoba 1960, ranar samun mulkin kai, Asabar ce. Shekara tana da kwana 365, watau mako 52 da kwana ɗaya, saboda haka kowace shekara ranar takan matsa da ɗaya, shekara mai kwana 366 kuwa da biyu. Daga 1960 zuwa 1979 shekara 19 ke nan, a ciki akwai masu ƙarin kwana guda huɗu, 1964 da 1968 da 1972 da 1976. Jimla 23. Ka tara 6 ta Asabar da 23, ka sami 29, ka raba da 7, saura 1. Litinin ke nan, kuma lalle ranar Litinin aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari, 1 ga Oktoba 1979. Ba mu buɗe kalanda ba, ba mu ƙirga makonni ba. Bajamushen nan Carl Friedrich Gauss shi ya shimfiɗa wa wannan lissafin saura ƙa'idoji a littafinsa na 1801, amma masu hisabi sun daɗe suna zubar da bakwai-bakwai kafin a haife shi.

A nan akwai wani ɗan tarko da sunayen ranakun kansu ke ɗana mana. Lahadi da Litinin da Talata da Laraba da Alhamis daga ƙidayar Larabci suka fito, ɗaya zuwa biyar, ga shi kuwa ni na fara da sifiri. Harsunan da ake ba na'ura umarni da su ma sun rabu biyu a kan haka: C da Java da Python daga 0 suke fara ƙidayar gurabe, Fortran da MATLAB kuwa daga 1. Lissafin saura ya fi jituwa da masu farawa daga sifiri, domin sauran rabawa da 7 daga 0 yake zuwa 6. Wanda harshensa ke farawa daga 1 sai ya debe ɗaya tukuna, ya yi lissafinsa, sa'an nan ya mayar da ɗayan. In ya mance, wata rana lissafi zai aike shi gurbi na sifiri, wanda babu shi.

Boɗinga gari ne na malamai tun zamanin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna cikinsa, lokacin da Shehu yake Sifawa, wajen 1810 zuwa 1815, saboda haka ba na shakkar cewa a cikinku akwai waɗanda suka tashi suna jin dattawa na lissafin taurarin shekara. Taurarin 28 ne, kowane yana yin kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365. Ku duba abin da 13 ke yi wa mako: bakwai ɗaya ta fita, saura 6. In tauraro ya shiga ranar Juma'a, mai bi masa zai shiga ranar Alhamis, na bayansa Laraba. Mun ƙirga kwana shida zuwa gaba, sai ga mu mun koma kwana ɗaya baya. A kan zobe mai gurbi bakwai, taku shida ta wannan fuska daidai yake da taku ɗaya ta waccan. Wannan ba wasan baki ba ne, domin shi ne maganin wata cuta da ke kama shirye-shiryen na'ura kullum. In abin da ke gurbi na 1 zai matsa gaba da biyar a jeri mai gurbi 12, lissafi zai ba da huɗu ƙasa da sifiri. Ka tambayi Python sauran wannan in an raba da 12, za ta ce 8, wanda shi ne daidai. Ka tambayi C ko Java, sai su maido maka da huɗunka ƙasa da sifiri. Java takan tsaya ta yi ƙara cewa babu irin wannan gurbi. C kuwa ba ruwanta, sai ta miƙa hannu bayan katangar jerin ta ɗauko duk abin da ta taras, ta ba ka a matsayin amsa. Magani shi ne ka ƙara tsawon jerin a kan sauran, ka sāke rabawa.

Yanzu bari mu zo inda kuɗi yake. A ɗauka ma'aikata 12 ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ta Boɗinga ko ta Shagari, suka haɗa adashi, kowa yana zuba naira 20,000 a ƙarshen wata, mutum ɗaya ya kwashe naira 240,000. An fara a Janairu, an gama a Disamba. A takarda kowa ya zuba daidai, ya kwashi daidai. Amma duk wanda ya taɓa yin adashi ya san kwasar fari da ta ƙarshe ba ɗaya ba ne. Mai kwasar fari rance ya samu ba ruwa, mai ta ƙarshe kuwa shi ya ba da rancen. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a Disamban 2024. A shekara irin wannan, naira 240,000 da mutum ya karɓa a Disamba ba za ta saya masa fiye da abin da naira 180,000 da 'yan kai ta saya a Janairu ba. Ban da wannan, watanni kansu suna da daraja daban-daban. Mai gona yana son kwasarsa ta faɗo a Mayu, ya tanadi taki da iri kafin ruwa ya zauna. Mai 'ya'ya a makaranta Satumba yake hange.

Saboda haka in zagaye ya ƙare za a shiga sabo, adalci ya ce a matsar da jerin. Hanya mafi sauƙi ita ce a matsa da ɗaya: na Janairu ya koma Disamba, kowa ya gusa gaba da wata guda. Nan take wani zai miƙe ya ce wannan tafiyar hawainiya ce, mutumin Disamba zai shekara huɗu ko biyar yana kwasa a ƙarshen shekara kafin ya ga tsakiya, me zai hana a riƙa matsawa da uku-uku? Magana ce mai daɗin ji, kuma na tabbata a yawancin taruka za ta wuce ba gardama. To, mu bi ta da alli. Mu ba mutanen lamba daga 0 zuwa 11. A zagayen farko mai lamba 0 ke kwasar fari. A na biyu mai lamba 3, a na uku mai lamba 6, a na huɗu mai lamba 9. A na biyar, 9 da 3 sun ba da 12, a raba da 12 saura sifiri. Mun dawo kan mai lamba 0. Mutum huɗu ne za su yi ta karɓa-karɓar Janairu a tsakaninsu, sauran takwas kuwa ko adashin zai shekara ɗari ba za su taɓa ganin kwasar fari ba. Hasali ma kowane mutum wata huɗu kaɗai zai riƙa kewayawa a cikin sha biyun. Wanda ya fara da Janairu zai ga Oktoba da Yuli da Afrilu, ya sāke komowa Janairu. Mayu ba ta cikin rabonsa har abada. Kuma babu wanda ya yi nufin zalunci. Uwar adashi ba ta ci kwabo ba, an bi doka sau da ƙafa, dokar ce da kanta ta raba mutane gida uku ta kulle kowane gida.

Asirin abin yana ga lamba mafi girma da ke raba yawan mutanen da kuma yawan takun duka biyu ba tare da saura ba. Tsakanin 12 da 3 wannan lamba 3 ce, sai zoben ya tsinke ya zama ƙananan zobba uku, kowane da mutum huɗu. In da huɗu-huɗu ake matsawa, zobba huɗu za a samu, mutum uku ne kaɗai za su ga Janairu. In da shida-shida, mutum biyu. Zoben ba ya zama ɗaya cikakke sai in babu lambar da ke raba su biyun in ba 1 ba, kuma ga mutum 12 taku huɗu ne kacal suka cika wannan sharaɗi: 1 da 5 da 7 da 11. Hanyar gano wannan lamba tana cikin littafin Yuklid, wanda ya rayu a Iskandariyya kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har gobe da ita na'ura ke aiki.

Da za a nemi shawarata, biyar zan ce. Mai kukan tafiyar hawainiya yana da gaskiya a kukansa, takun da ya zaɓa ne ba daidai ba. Da taku biyar, mutumin Disamba zai kwasa a Yuli a zagaye na biyu, sa'an nan Fabrairu, sa'an nan Satumba, Afrilu, Nuwamba. Daɗi da wuya suna cakuɗuwa, ba wanda zai daɗe a wutsiya, kuma cikin zagaye 12 kowa ya ɗanɗani kowane wata sau ɗaya. In kuwa ku 7 ne ko 11 ko 13, ku kwantar da hankalinku, domin waɗannan lambobi ba mai raba su sai 1 da su kansu, kowane taku ƙasa da yawanku zai game kowa. Haka abin yake ga mai tsara jadawalin kwana a asibiti ko na masu gadi. Ma'aikata 14 in suna karɓar aikin dare ɗaya bayan ɗaya, kowa ranar mako guda zai riƙa faɗawa a kanta kullum, domin 7 tana raba 14. Mutum biyu su ne za su kwana a wurin aiki kowace Juma'a.

Kalmar karɓa-karɓa da na yi ta ambata kun fi saninta a siyasa, kuma ba laifi mu leƙa can kaɗan tunda lissafin guda ne. Jam'iyyar NPN ta Jamhuriya ta Biyu ta raba manyan muƙamai bisa shiyya: shugaban ƙasa daga Arewa, mataimakinsa Dokta Alex Ekwueme daga Gabas, shugaban jam'iyya Cif Adisa Akinloye daga Yamma, shugaban majalisar dattawa Dokta Joseph Wayas daga Kuros Riba. An sa ran rabon zai kewaya, sai juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 ya zo kafin a yi ko matsawa ɗaya. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba da sanarwar wani tsari na muƙamai shida da za su riƙa kewaya shiyyoyi shida har shekara 30. Shi ma bai kai ga aiki ba, kuma tsarin mulkin 1999 bai ɗauke shi ba. Ba ni da ta cewa a kan dacewarsa, wannan na bar wa 'yan sashen kimiyyar siyasa. Abin da mai lissafi zai iya faɗa shi ne, a zobe mai gurbi shida taku 1 ko 5 kaɗai ke kai kowace shiyya ga kowace kujera. Da biyu-biyu, shiyya uku ce za ta riƙe babbar kujera. Da uku-uku, shiyya biyu.

Mu koma ga na'ura. Sanin inda kowa zai sauka abu ne guda, kwashe su a kai su can kuma wani abu ne, musamman in jerin ya kai gurbi miliyan. Hanyar da ɗalibi kan fara kawowa ita ce ya ɗauke na farko ya riƙe a hannu, ya gusar da kowa da gurbi ɗaya, ya ajiye na hannunsa a ƙarshe, ya maimaita har adadin takun ya cika. Amsarsa daidai ce, sai dai in jerin miliyan ɗaya ne, takun kuma 400,000, ya ɗora wa na'ura ɗauka da ajiyewa sau biliyan 400. Hanya ta biyu ita ce a buɗe sabon jeri fanko, a kwafe kowa kai tsaye zuwa sabon gurbinsa. Tana da sauri, tana da sauƙin fahimta, kuma a mafi yawan ayyukan ofis ita zan ce ku bi. Aibinta kawai tana bukatar fili ninki biyu, kamar mai son gyara zaman buhuna a rumbu da sai ya gina wani rumbun tukuna.

Hanya ta uku ta masu wayo ce. Ka ɗauke abin da ke gurbi na 0 ka riƙe, ka cike gurbin da wanda ya kamata ya zo nan, ka cike gurbin da shi kuma ya bari da nasa magajin, haka har ka kewayo inda ka fara, ka sauke na hannunka. Kowa sau ɗaya ya motsa, ba a nemi sabon fili ba. Sai dai ku gwada ta da gurbi 12 da taku 3: daga 0 zuwa 3, zuwa 6, zuwa 9, sai ga ka a 0. Ka motsa huɗu, takwas suna nan inda suke. Cutar adashinmu ce ta biyo mu har cikin na'ura, kuma maganinta sai an ƙirga zobban an bi kowane da kansa. Abin da ya sa wannan kuskure ke da haɗari shi ne, mai shirin yakan jarraba shi da gurbi 7 ko taku 1, ya ga ya yi daidai, ya sallame shi.

Ta huɗu ita ce wadda na fi ƙauna, ina kiranta juyin waina. Juya jeri shi ne na farko ya yi musanya da na ƙarshe, na biyu da na kusa da ƙarshe, har a haɗu a tsakiya. Mu koma jerinmu na bakwai da taku uku. Juya ukun farko su kaɗai:

30, 20, 10, 40, 50, 60, 70

Juya huɗun da suka rage su kaɗai:

30, 20, 10, 70, 60, 50, 40

Sa'an nan juya jerin gaba ɗaya:

40, 50, 60, 70, 10, 20, 30

Ga amsarmu ta ɗazu ta fito. Dalilin kuwa a fili yake in an natsu: juyin ƙarshe yana kai kashin farko baya, ya kawo na baya gaba, amma yana birkita cikin kowane kashi. Tunda mun riga mun birkita su tun farko, birkitawa ta biyu sai ta daidaita su. Ga jeri mai gurbi miliyan, musanya wajen miliyan ɗaya ta wadatar, ba a bukatar sabon fili, ba ruwanka da ƙirga zobba. Jon Bentley ya bayyana wannan dabara a littafinsa Programming Pearls na 1986, inda ya kawo cewa Brian Kernighan da P. J. Plauger sun yi aiki da ita a littafinsu na 1981, kuma Ken Thompson ya riga ya sa ta a wani shirin gyaran rubutu tun 1971. Ba mamaki a same ta a can, domin ɗauke sakin layi daga tsakiyar wasiƙa a kai shi sama matsawar kewaye ce ta wani yanki na rubutun.

A aikin yau da kullum ba lalle ne ku rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan da hannunku ba. Fortran tana da CSHIFT tun fitowarta ta 1991, MATLAB tana da circshift, NumPy tana da roll, C++ tana da rotate. Abin da zan gargaɗe ku a kai shi ne ba su yarda da juna a kan fuska ba. Ka ba CSHIFT lamba 3, gaba za ta matsar. Ka ba circshift ko roll wannan lamba 3, baya za su matsar. Kafin ka amince wa kowace da albashin mutane, jarraba ta da jeri ɗan ƙarami wanda ka san amsarsa, ka haɗa da jeri fanko, domin rabawa da sifiri na nan tana jira.

Akwai kuma tambayar da ta kamata a fara yi kafin duk waɗannan: shin sai an motsa su? Ku tsaya a kowace tasha a kan hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega, ku dubi ɗan kamasho da takardar layin motoci. In mota ta yi lodi ta tashi, ba ya yage takardar ya sāke rubuta sunaye. Yatsansa yake saukarwa zuwa suna na gaba, in ya kai ƙasan takarda ya koma sama. Na'ura ma haka take yi in mai shirin yana da hankali: jerin yana nan inda yake, lamba ɗaya tak ake adanawa mai nuna inda farko yake a yanzu. Matsawa da taku 400,000 sai ta zama tarawa ɗaya da rabawa ɗaya. Da irin wannan zoben ma'ajiya na'ura ke tara haruffan da ka buga kafin ta karanta su, da shi waya ke riƙe sautin da ke shigowa kafin ya kai kunnenka, da shi kuma kyamarar tsaro ke taka tsohon hoto da sabo in wuri ya cika. Uwar adashi ma ba ta bukatar sabon littafi kowace shekara. Ta riƙe jerin sunayen farko, ta rubuta lambar mai kwasar fari ta bana a bango.

Saura abu ɗaya, kuma da gangan na ajiye shi, domin na gida ne. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine, ya tafi aikin hajji ya zauna a Masar, ya rasu a Alƙahira a 1741. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin cika hatimi mai gidaje mara, watau uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Ba shi ya ƙago fannin ba, malaman Bagadaza da Basra sun yi rubutu a kansa ɗaruruwan shekaru kafinsa, kuma abin da mutane ke yi da hatimi ba shi ne gabanmu ba yau, lissafinsa muke so. Kowa a nan ya taɓa ganin wannan:

4, 9, 2
3, 5, 7
8, 1, 6

Kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 yake bayarwa. Yanzu ku dubi abin da ke ƙarƙashinsa. Ku rubuta 1, 2, 0, ku matsar da shi baya da ɗaya ku sami layi na biyu, ku ƙara matsarwa ku sami na uku:

1, 2, 0
0, 1, 2
2, 0, 1

A gefe guda ku rubuta 0, 2, 1, shi kuma ku riƙa matsar da shi gaba da ɗaya:

0, 2, 1
2, 1, 0
1, 0, 2

A kowane gida, ku ninka lambar allon farko sau uku, ku tara da ta allo na biyu, ku ƙara ɗaya. Gidan farko: uku, da sifiri, da ɗaya, 4. Na biyu: shida, da biyu, da ɗaya, 9. Na uku: sifiri, da ɗaya, da ɗaya, 2. Ku ci gaba, hatimin nan zai fito gida bayan gida. Ashe jeri biyu ne masu kewayawa, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, aka ɗora su a kan juna. Wannan ne ya sa masu cika hatimi ke bin ƙa'idar cewa in ƙidaya ta fita ta wannan gefe sai ta shigo ta gefen da ke fuskantarsa. Shi ne kuma ya sa ake ware hatimi mai gidaje mara da hanyarsa dabam: a mai gida huɗu ko shida wannan dabara ba ta tafiya, 2 tana raba yawan gidajen, lambobi sai su fara maimaita kansu tun ba a game allon ba.

Ga mai gida biyar, ku fara alluna biyun duka da 0, 1, 2, 3, 4. Allon farko ku riƙa matsar da shi gaba da biyu a kowane layi, na biyu kuma baya da biyu. Ku ninka na farko sau biyar, ku tara da na biyu, ku ƙara ɗaya. Layin farko zai ba ku 1, 7, 13, 19, 25. Na biyu zai ba ku 14, 20, 21, 2, 8. Sauran ukun na bar muku, kuma ga alli nan ga duk wanda ya riga kowa. In ya yi daidai, kowane layi a kwance da tsaye da karkace 65 zai bayar.